Takardar "Ba Ruwana" Ba Ta Wanke Sakaci: Jan Hankali Ga Masu Hayar Dawaki A Ƙasar Haɗejiya



Ni lauya ne, a nan ƙasar Haɗejiya nake aiki, kuma a gidan da ake ɗaure doki na tashi. Cikin 'yan shekarun nan, duk lokacin da sallah ta matso ko aka shiga kakar bukukuwan aure bayan girbi, akwai wata takarda da ake yawan kawo mini in duba. Gajeriya ce, galibi da Turanci, an buga ta a shagon kwamfuta. Abin da ke cikinta shi ne wanda ya karɓi hayar doki ya yarda cewa duk abin da ya same shi, ko ya sami wani, babu ruwan mai doki. Kaɗan ne ke kawo ta kafin a hau. Mafi yawa sai an yi karaya, ko an yi rashi, sannan a zaro ta daga aljihu ana tambayata ko za ta fid da mutum. Amsata kullum ɗaya ce: takarda tana da amfani in an rubuta ta daidai, amma ba ta wanke sakaci, kuma ba ta hau kan wanda bai sa mata hannu ba.

Ba don in kashe wa kowa kasuwa nake wannan rubutu ba. Haɗejiya gari ne na doki tun zamanin Sarki Buhari, kuma a kan dawaki mazajen garin nan suka tari sojojin Turawa a 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Yau ma duk wanda ya ga hawan sallar Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, ya san gadon nan yana raye. A bayan kowane ingarma da aka yi wa ado akwai gidajen da ke ci daga gare shi: yaran barga, masu sayar da harawa da dusa, dukawa masu ɗinka kayan doki, maƙera masu linzami da likkafa, da dillalan da ke zirga-zirga zuwa kasuwar Maigatari. Haɗari ɗaya da ba a shirya masa ba yana iya rufe barga, ya tsayar da abincin duk waɗannan mutane. Shi ya sa nake so a san inda doka ta tsaya tun kafin a ɗaura sirdi.

Daga ina takardar ta zo?

Yawancin takardun da nake gani daga intanet aka kwafo su, kuma asalinsu na Amurka ne. A can, tun daga ƙarshen shekarun 1980 jihohi suka fara yin dokoki na musamman don kare masu sana'ar doki, saboda yawan ƙara da tsadar inshora sun fara rufe makarantun koyon hawa. Yanzu kusan duk jihohinsu suna da irin wannan doka. Abin da ta ce a taƙaice shi ne doki dabba ce mai firgita, mai tutsu, mai harbi, kuma wanda ya hau da son ransa ya ɗauki wannan kasada. Amma a yawancin jihohin dokar ta janye kariyarta daga wanda ya ba da sirdi ko linzami mai aibi alhali ya sani, da wanda ya ɗora mahayi kan dokin da ya fi ƙarfinsa ba tare da ya bincika iyawarsa ba, da wanda ya san filinsa yana da wani haɗari a ɓoye ya yi shiru, da mai ganganci.

A Ingila lamarin ya fi haka tsanani. Dokarsu ta 1977 ta hana ɗan kasuwa ya kafa sharaɗin da zai kuɓutar da shi daga alhakin rai ko rauni in sakacinsa ne ya jawo. A 2003 kuma kotunsu mafi girma ta wancan lokaci ta yanke hukunci a shari'ar Mirvahedy da Henley. Dawaki ne suka firgita da dare, suka karya shinge suka fita babban titi, ɗaya ya yi karo da mota, direban ya ji mummunan rauni. Ba a sami masu dawakin da sakaci ba, duk da haka aka ɗora musu biya a ƙarƙashin dokar dabbobi ta 1971.

Wanda ya kwafo takardar Amurka ya kawo ta Haɗejiya ya kwafo takarda ne kawai, dokar da ke goya mata baya tana can inda ya baro ta. Mu a nan abin da zai yi mana hukunci shi ne dokar Nijeriya da Shari'ar Musulunci.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar kare haƙƙin masu saye da hana danniya a kasuwanci ta 2018, wadda ta fara aiki a farkon 2019, ta shafi duk wanda ke sayar da kaya ko yake yi wa jama'a aiki don kuɗi a ko'ina cikin ƙasar nan. Mai ba da hayar doki yana ciki, ko da doki ɗaya gare shi. Sassa uku ne suka fi shafarmu. Sashe na 127 ya hana sharaɗin da ya karkata gefe guda har ya zama zalunci. Sashe na 128 ya ce duk sharaɗin da ke rage alhakin ɗan kasuwa, ko yake ɗora wa abokin ciniki kasada, dole a jawo hankalinsa kansa a fili kafin a ƙulla ciniki, a kuma ba shi damar ya fahimta. Sashe na 129 ya haramta sharaɗin da ke kuɓutar da ɗan kasuwa daga asarar da mummunan sakacinsa ko na yaransa ya haddasa.

Ma'anar wannan a aikace ita ce takardar da aka miƙa wa saurayi bayan ya biya kuɗi, ƙafarsa ɗaya a likkafa, aka ce sa hannu nan, ba ta cika sharaɗi ba. Haka wadda aka rubuta da harshen da bai iya karantawa ba kuma ba a fassara masa ba. Akwai ma tsohuwar dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa an yi masa bayani kafin ya dangwala. Sa hannun yaro ƙarami kuwa ba abin dogaro ba ne a gaban alƙali.

Sai wata tsohuwar ƙa'ida da kotunanmu suka gada: in ka san dabbarka tana da wani mugun hali, kamar cizo ko harbi ko kwasa da gudu in ta ji ƙarar bindiga, alhakin abin da ta yi da wannan halin yana kanka. Bayan haka, in sakaci ya kai ga rauni ko asarar rai, maganar tana iya zama ta laifi, 'yan sanda su shigo. Babu takardar da mutum biyu za su rubuta tsakaninsu ta hana hukuma gurfanar da mai laifi.

Abin da Shari'a ta ce

Jigawa ta koma aiki da Shari'a a 2000, kuma mutanenmu sun fi kai ƙararsu kotun Shari'a. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala, tun kafin a san wata takardar Amurka. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tabbatar da cewa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta duk suna lamunce abin da ta taka, sai dai in ita ce ta yi harbi don kanta ba tare da an yi mata abin da zai sa ta harbin ba. Ya kafa hujja da cewa Sayyidina Umar ya hukunta biyan diyya a kan mutumin da ya saki dokinsa da gudu ya taka wani. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, ta zo da wannan hukunci. Saboda haka saurayin da ya sa ƙaimi ya yi sukuwa cikin lungu ya banke yaro ba zai fake da cewa doki ne ya yi ba.

Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kuma masu lissafin zamani suna ƙiyasta dinari ɗaya da giram 4.25. Kowa ya je ya tambayi kuɗin giram ɗaya yau ya yi lissafi. A kisan kuskure dangin mai laifi ne ake ɗora wa biyan, wato wasan saurayi ɗaya na rabin yini yana iya zama nauyi a kan zuri'a guda. Kuma diyya haƙƙin magada ne, su ke da ikon karɓa ko yafewa.

Shari'a ta kuma kare mai karɓar haya. Amintacce ne a kan abin da aka ba shi: in doki ya mutu ko ya ji ciwo a hannunsa ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma in ya ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai, lamuni ya hau kansa. Muwaɗɗa tana da babi guda a kan wanda ya yi hayar dabba zuwa wani wuri sannan ya zarce. Wanda ya karɓi doki don rakiyar ango cikin gari, ya wuce da shi Malam Madori ko Auyo, ko ya ba abokinsa ya hau, ko ya shiga tsere da shi, ya fita daga amana. Sharaɗin da wasu masu barga ke sawa cewa ko ajali ne ya zo wa doki sai mai haya ya biya, ya saɓa wa wannan asali.

Abin da nake gani a wajen aiki

Wani mai barga ya ba wani saurayi hayar ingarma don kilisar biki. An sa hannu a takarda, har da shaidu. Ana cikin tafiya majanyi ya tsinke, sirdi ya juya, yaron ya faɗi ya karye a cinya, sai da aka dangana da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Da muka zauna, yaron barga da bakinsa ya ce ya faɗa wa maigida majanyin ya ci, aka ce a lallaɓa zuwa bayan biki. Daga nan takarda ta tashi daga aiki. Kuɗin sabon majanyi bai kai kuɗin motar da ta kai yaron Kano ba.

Wani kuma, doki ne ya ƙwace wa mahayi da aka buga bindiga, ya bi ta kan wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a bakin hanya, mai ya ƙone ta. Mai doki ya nuna takarda, mahayi ya ce ai doki ne ya ƙi linzami. Na ce da su duka biyun, matar nan ba ta sa hannu a komai ba, kuma ba ta fito kallon hawa ba, neman abincin 'ya'yanta take. Duk abin da kuka rubuta tsakaninku ne. Tana da ikon ta nemi haƙƙinta wajen mahayi, ta kuma neme shi wajen mai doki in ya tabbata ya san dokin ba ya jure ƙarar bindiga ya ba da shi a shiga taro. Wannan shi ne abin da masu barga suka fi jahilta, kuma shi ya fi cin dukiya.

Akwai kuma inda takarda ta yi rana. Wani dattijo ya rubuta da Hausa cewa dokinsa na cikin gari ne, a dawo da shi kafin magariba, ba tsere, ba a ba wani. Aka fita da shi bayan gari aka yi sukuwa, ya zurma rami ya karye. Da aka karanta takardar a gaban mai unguwa, gardama ba ta yi nisa ba, iyayen yaron da ya karɓi hayar suka biya. Takardarsa ta yi aiki ne don ta fayyace haƙƙin kowa, ba ta nemi ta kuɓutar da shi daga nasa ba.

Fadama tana da nata hukunci

Mu mutanen bakin kogi muna da abin lura da wasu ba su da shi. Duk shekarar da kogin Haɗejiya ya yi ambaliya, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, ruwa yana janyewa ya bar zaizaya da ramuka da ƙasa mai laushi da ciyawa ta rufe. Filin da aka yi sukuwa a kansa bara ba lalle ya zama lafiyayye bana ba. Wanda ya shirya wasan dawaki, ya tara jama'a, ya karɓi kuɗi, nauyinsa ne ya taka filin da ƙafarsa kafin a saki doki, ya kuma raba 'yan kallo da hanyar gudu.

Sai maganar gonaki. Daga Auyo zuwa Guri da Kirikasamma, fadama ba ta hutawa: shinkafa, alkama, tattasai, albasa. Hukuncin Malikiyya shi ne ɓarnar da dabba ta yi wa shuka da dare mai ita ne ke biya, domin tsare ta da dare aikinsa ne. Da rana ma, in mutum ya saki dabba a gefen gonakin mutane babu mai kula da ita, ya yi sakaci. Turke mai ƙarfi da dabaibayi sun fi arha a kan buhunan shinkafar da za a ƙiyasta maka.

Yadda ya kamata a rubuta yarjejeniya

Ga abin da nake ba masu barga shawara a kai:

1. A rubuta da Hausa, boko ko ajami, wanda mai haya ya iya karantawa. A karanta masa a gaban shaidu biyu kafin ya biya ko kafin alƙalami, kowa ya riƙe kwafinsa.

2. A siffanta dokin da launinsa da alamarsa, a kuma faɗi halinsa da gaskiya. In yana cizo, ko yana tsoron babur, ko ba ya son kusantar goɗiya, a rubuta. Faɗin aibi kariya ce gare ka, ɓoye shi ne ke kama ka.

3. A rubuta sunan wanda zai hau, da inda za a je, da lokacin dawowa, da abin da aka hana: tsere, goyo, ba wani, hawa titin mota, hawa cikin maye.

4. A gwada mahayi a ƙofar barga. In bai iya riƙe linzami ba, a ba shi doki mai sanyi tare da zagi, ko a mayar masa da kuɗinsa.

5. A duba sirdi da majanyi da likkafa da linzami tare da shi, a rubuta cewa an duba.

6. In yaro ne, mahaifinsa ko waliyyinsa ya zo da kansa, kuma kada a sake shi ba babba a gefensa.

7. A fayyace wanda zai ɗauki jinyar doki da ta mutum in tsautsayi ya faru ba da laifin kowa ba. Wannan shi ne gurbin da sharaɗin ɗaukar kasada yake da ƙarfi, domin faɗuwa daga kan doki lafiyayye da kaya lafiyayyu kasada ce da kowane mahayi ya sani.

Ku kuma ƙannena masu karɓar haya, kada ku sa hannu a abin da ba ku fahimta ba don zumuɗin hawa. Ku tambayi halin doki, ku ja majanyi da hannunku. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa tun a barga.

In tsautsayi ya auku

A fara da ceton rai. A kai wanda ya ji rauni asibiti, musamman in ya bugu a kai ko a baya, kada a tsaya musun wane ne da laifi. A adana takardun asibiti da rasiɗin magani, a ɗauki hoton kayan doki yadda suke, a riƙe sunayen waɗanda suka gani. Mai doki ya je dubiya, ya taimaka da abin da ya sawwaƙa. Mafi yawan ƙararrakin da suka zo hannuna ba girman rauni ne ya kai su kotu ba, ɓacin rai ne, an ji wa ɗan mutum ciwo ko sannu ba a zo an yi ba. Sulhu alheri ne, kuma masu unguwanni da dagatai da hakimanmu sun iya shi. Amma in an yi, a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. Kuma kada a matsa wa marayu ko matar mamaci su yafe haƙƙinsu don kunya.

Kira

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A Kanon nan dai 'yan sanda sun sha fitar da sanarwar hana kilisa a kan tituna saboda abin da take jawowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sana'ar da ba ta tsara kanta ba, hukuma ce za ta tsara ta, kuma hanya mafi sauƙi a wajen hukuma ita ce hani.

Ina kira ga masu barga na ƙasar Haɗejiya su haɗa kai su fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya da Hausa, wadda malamai da lauyoyi suka duba, kowa ya riƙa amfani da ita. Su buɗe asusun taimakon juna da za a riƙa zuba wani abu daga kowace haya, don jinyar wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ina roƙon iyayenmu na majalisar masarauta da shugabannin ƙananan hukumomi su ware filin kilisa da hanyoyin da aka yarda a bi, nesa da kasuwa da makarantu. 'Yan majalisarmu na Dutse kuma su duba yiwuwar doka da za ta kare mai barga mai kiyayewa daga ƙarar da ba ta da tushe, ta kuma kama mai sakaci.

Kafin sallah mai zuwa, kowane mai doki ya ɗauko takardar da yake ba mutane ya kai wa malami ko lauya a duba masa, ya kuma shiga barga ya duba kayan dokinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karanta wannan ya isar wa wanda bai karanta ba. Allah Ya kiyaye mahayanmu da masu tafiya a ƙasa, Ya sa a hau lafiya a sauka lafiya.